Tayoyi Huɗu na Kawu

Kawu ya rasu ranar wata Talata da damina, bayan ya dawo daga sallar asuba. Ya ce wa matarsa ƙirjinsa na yi masa nauyi, ya kwanta a tabarmar falo, kafin a nemo mota Mai abu Ya karɓi abinSa. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Yayan mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne kuma ya koya mini aikin da nake ci da shi yau. Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda ake saurin manta mutum a garin nan: a yi uku, a yi bakwai, a yi arba'in, a naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa.

Gidansa na unguwar Shango bai taɓa ɗaukar jama'a kamar a kwana ukun nan ba. Ga dangi, ga maƙwabta, ga kuma waɗansu da matar Kawu ta yi ta tambayata su wane ne. Tsofaffin ɗalibansa ne. Wasu sun zo da manyan motoci daga Abuja da Kaduna, wasu a bayan acaɓa, kuma kusan kowa in ya shafa addu'a sai ya ɗan murmusa ya ce Allah Ya jiƙan Malam Tayoyi. Sunan da ɗalibai suka laƙaba masa ke nan. Ya san da shi, bai taɓa nuna ya sani ba. Wata mai aikin banki ta shigo cikin mata ta ce har yau in ta ɗauki biro za ta sa hannu a takarda, sai ta ji kamar yana tsaye a bayanta yana gyaran murya. Mata suka fashe da dariya, suka tuna inda suke suka haɗiye ta.

Inna, mahaifiyata, ita ta fi kowa kuka, ita ce kuma ta fi kowa faɗa da shi yana raye. Ana ba ta haƙuri tana maimaita magana ɗaya, wai ba ta ce masa ta yafe ba. Waɗanda ba su san zancen ba suka ɗauka ruɗewa ce. Ni na san abin da take nufi, don a kaina aka yi faɗan.

Rana ta biyu wata tsohuwa mai sayar da doya ta zo daga garin Beji, ta ajiye doya biyar a ƙofar kicin, ta durƙusa ta yi addu'a da yarensu. Da ta gane ni ta kama hannuna ta ce, "Kai ne yarinyan Malam da ya aiko mini. Yanzu wa zai aiko mini yara?" A waje kuwa, gindin mangwaro, wani dattijo Kirista ɗan kudancin Kaduna, wanda duk muke kira Baba Direba, ya zauna tun ranar farko. Daga unguwar Kpakungu yake zuwa da sassafe, ba ya tafiya sai an yi magariba, abinci kuma sai an matsa masa yake taɓawa. Tun ina yarinya nake ganinsa tare da Kawu, ban taɓa tambayar abin da ya haɗa su ba.

Ranar addu'ar uku shugaban sashenmu na makarantar da nake koyarwa ya zo. Dakta muke ce masa. Abokin aikin Kawu ne na shekaru, shi ya gaji kujerarsa da ya yi ritaya, shi kuma ya tsaya mini aka ɗauke ni koyarwa a wannan sashen na akanta. Lokacin ina cikin shekarun gwaji, takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburinsa. Ya yi mini gaisuwa da hawaye na gaskiya a idonsa. Har ya juya sai ya ce, 'yata, in kin dawo akwai 'yar takarda ta kwamitin manhaja, sa hannunki kawai take jira. Ni ce magatakardar kwamitin, na kuwa san abin da ke ciki. Za a cire darasin da Kawu ya kafa, kuma takardar ta ce malaman sashe sun zauna sun amince. Ba mu zauna ba. In na sa hannu darasin ya tafi, in na ƙi kuma ban san makomar tawa takardar ba. Da wannan na kwana a zuciya duk sauran kwanakin makoki.

Kawu ya fara aiki ne a baitulmali yana saurayi, ya daɗe can kafin ya koma koyarwa. Dogo ne siriri, ba ya rabo da koren biro a aljihun gaba, irin wanda masu binciken kuɗi ke rubutu da shi. Bai iya karɓar takarda ya ajiye ba tare da ya karanta ta daga sama har ƙasa ba, ko da katin ɗaurin aure ne. Ya taɓa mayar wa wani ɗan uwanmu katin suna don an rubuta Asabar alhali ranar Lahadi ce. Rasit kuwa yana da gwangwanin madara guda cike da su a kan kabad, har na gyaran rediyo. In ka kawo masa labari, kowane iri ne, tambayarsa ɗaya ce: ka gani da idonka? Saboda wannan tambaya mata ba sa son gulma a gabansa, Inna kan ce zama da Yaya kamar zama a kotu ne.

Da aka ba shi shugabancin sashe, shekarun da aka dawo mulkin farar hula, ya tarar ana yaye ɗalibai masu haddace littafi waɗanda ba su taɓa riƙe rasit na gaske ba. Ya ce yaro zai zana maka shiga da fitar kuɗi a allo kamar ruwa, ka kai shi shagon mai walda ya rasa ta inda zai fara. Sai ya kafa darasi a shekarar ƙarshe. Zango guda cur, ɗalibai biyu biyu, yakan haɗa Musulmi da Kirista da gangan, za su je su riƙe wa wani mai ƙaramar sana'a littafi: mai walda a Kpakungu, mai injin niƙa, tela, mai kanti. Malamai da yawa sun ga abin ƙasƙanci ne. Wani ya ce masa akantoci muke yayewa, ba yaran shago ba. Kawu ya ce to ai kuɗin shago da na gwamnati duk hoton mutum ɗaya ne a jikinsu, ya ci gaba da abinsa.

Ni Beji aka tura ni, wurin tsohuwar nan mai doya. Na je da sabon littafi da kalkuleta da girman kai. Ita ba ta rubutu, a ka take riƙe komai, sai ɗan zane da gawayi a bangon rumfa. Bayan wata guda na gaya mata ta ci riba kaza. Ta dube ni ta girgiza kai ta faɗi nata adadin, ƙasa da nawa sosai. Na kai wa Kawu ƙara cewa matar ba ta san lissafi ba. Ya buɗe littafina ya bi shi da koren biro, ya tambaye ni doyar da ta ruɓe a wane shafi take. Ya tambayi kuɗin masu dako, da na mai shara, da doyar da take kai wa coci lokacin godiya. Babu ko ɗaya a littafina. Ya rufe ya miƙo mini ya ce in koma in ba ta haƙuri, sannan in zauna kusa da ita in yi shiru har sati biyu. Na yi, kuma a sati biyun nan na fara sanin aikina.

Amma ba zuwa kasuwa ne ya sa ake tsoron darasin ba. Jarrabawar ƙarshe ce. Ba a rubuta komai a cikinta. Ɗalibi zai shiga ofishin Kawu shi kaɗai, a zaunar da shi a matsayin akanta, a ajiye masa takardar fitar da kuɗi. A ɗaya ɓangaren tebur akwai dattijo cikin babbar riga, shi ne oga, yana sauri, yana so a sa hannu yanzu. Takardar kullum ta sayen tayoyi huɗu ce na motar ofis, kuma kullum da abin da ya rage a cikinta: ko babu rasit, ko mai sito bai shaida an kawo kaya ba. Shekara da shekaru tayoyi huɗu, ba a taɓa sauya su da ko kujeru ba, daga nan sunan ya samo asali. Wanda ya sa hannu ya faɗi. Wanda ya ƙi amma ya yi wa dattijon rashin kunya, shi ma an rage masa maki.

Kawu yakan ce matsalar yaranmu ba lissafi ba ce, tarbiyya ce mai kyau da aka ba su. An koya mana tun muna goye ba a ce wa babba a'a, ba a kallon idonsa, in ya miƙo abu a karɓa da hannu biyu. Sai a ɗauki wannan yaron a ajiye shi a gaban akwatin kuɗi, a sa sa'an ubansa a kansa. Ya ce babu littafin akanta da aka rubuta a ƙasashen waje da ya san wannan, don haka mu za mu koyar da shi da kanmu. Har yadda ake ƙi sai da ya koya mana. Ka fara gaisuwa, ka tambayi iyali. Ka rufe bironka ka mayar aljihu. Kada ka ce a'a, kada ka zargi kowa, ka faɗi abin da ya rage kawai: ranka ya daɗe, takardar ba ta cika ba, da zarar rasit ya zo ni zan kawo maka ita da kaina. Muka yi ta haddace wannan muna dariya.

Yawanci Baba Direba ne ke zama oga, kuma ya iya. Zai buga tebur, ya duba agogon da ba ya aiki, ya ce ya san uban yaro. Amma Kawu ya sha gaya wa aji cewa kowa zai iya zama a kujerar nan, har da shi kansa. Yakan bincika ya gano wanda ɗalibi ya fi jin nauyi. Ɗan wani fasto ya shiga ya tarar da dattijon cocinsu. Wani ya tarar da na'ibin limamin unguwarsu.

Ni na shiga da ƙarfin gwiwa, don Baba Direba ya sha saya mini ƙuliƙuli, ba na jin kunyarsa. Na tarar da shi a gefe a kan benci da rigarsa ta kullum, Kawu ne a kujerar oga. Bai buga tebur ba, bai ɗaga murya ba. Ya turo takardar yana duba wani fayil, ya kira ni da sunan da yake kirana a gida, ya ce, "Sa hannu a nan mu sallami mutane, na riga na duba."

Na ga babu rasit. Wallahi na gani. Amma Kawu ne, mutumin da ya yi mini huɗuba, wanda bai taɓa barin waƙafi ya wuce shi ba. Na ce a raina ai in shi ya duba an duba. Na sa hannu. Ya jawo takardar ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce in tafi.

Darasin sau ɗaya ake yin sa a shekara. Faɗuwata tana nufin 'yan ajinmu za su tafi bautar ƙasa su bar ni, sai na jira shekara guda. Da labari ya kai wa Inna ta yafa mayafi a karkace ta tafi gidansa. Ban bi ta ba, matar Kawu ce ta ba ni labari. Inna ta ce masa ya kafa wa marainiya tarko, ya hukunta ta don ta girmama shi, in ba ladabi ba me ya sa ta sa hannu. Ta ce yarinyar nan ita ta fi kowa maki a duk sauran darussa. Kawu ya bar ta ta gama, ya ce gaskiya ne ladabi ne, kuma ladabin ne yake ji mata tsoro. Inna ta ce to daga yau ya nemi wata ƙanwar.

Wata bakwai ba ta amsa gaisuwarsa ba. Shi kuwa duk Juma'a in an sauko sai ya biyo ta gidanmu, ya yi sallama, ya zauna a kan turmin da ke kife a tsakar gida, ya gaishe ta, ya ba kansa amsa, ya sha ruwan da na kawo masa ya tafi. Ni ma fushin nake yi, amma ba ni da bakin nunawa. Da lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo, muka tarar da rasit a ƙarƙashin kofin da ya sha ruwa, ya riga ya biya na shekarar duka. Daga baya muka ji ragon layyarsa ya sayar. Inna ta ɗauki rasit ɗin ta juya shi, ta ce ko alheri Yaya zai yi sai da takarda. Juma'ar da ta biyo ta amsa gaisuwar, a daƙile. Suka koma kamar da, sai dai duk sallah in mun je gaishe shi sai ta tuna masa cewa yana riƙe da shekarar 'yarta, shi kuma ya ce ya sani.

Shekara ta zagayo na sake shiga, na sake tarar da shi a kujerar. Na gaishe shi, na tambayi iyali kamar ba ni ce na ci tuwo a gidansa kwana biyu da suka wuce ba, na rufe biro. Na faɗi abin da ya rage, na kai ƙarshen maganar. Bai yaba mini ba. Ya rubuta maki ya ce in turo na gaba.

Wannan shi ne darasin da takardar Dakta za ta cire.

Ranar addu'ar bakwai, da jama'a suka ragu, na kai wa Baba Direba abinci gindin mangwaro na zauna kusa da shi. Ban san me ya sa ba na tambaye shi dalilin tayoyin nan. Ya ajiye cokali ya dube ni ya ce, "Kawunka bai fada maka ba? Ni ne taya hudu."

Ya ce shi ne direban motar ofis a baitulmali lokacin Kawu yana ƙaramin ma'aikaci. Ogansu aminin kakana ne, shi ma ya samo wa Kawu aikin. Wata rana ogan ya kawo takardar cewa an sayi sababbin tayoyi huɗu an ɗaura wa motar, ya ce Kawu ya sa hannu a matsayin wanda ya shaida. Motar tana fake a bakin tagar ofis, taku goma bai kai ba. Kawu bai fita ya duba ba. Da masu bincike suka zo suka tarar da tsofaffin tayoyi sun suɗe, takarda kuma ta ce an ba direba sababbi. Aka ce shi ya sayar. Aka kore shi da 'ya'ya biyar, ba fansho ba sallama. An kira Kawu gaban masu binciken, ya sunkuyar da kai bai ce komai ba, don ogan yana zaune a wurin.

Baba Direba ya koma Kpakungu ya kafa rumfar faci a bakin titi. Bayan shekara shida, ya ce, yana cikin aiki ya ga mutum da farar riga ya tsuguna a gabansa cikin baƙin mai. Kawu ne. Ya faɗi abin da ya yi tun daga farko bai rage komai ba. Baba ya ce masa ai ya sani tun ranar, ya tashi kada rigarsa ta lalace. Daga wannan watan Kawu bai taɓa karɓar albashi bai kai masa wani abu ba, shi ya biya wa 'ya'yansa uku makaranta. Da ya koma koyarwa ya zo ya ce yana so Baba ya riƙa sa babbar riga yana zama oga. Baba ya ce shi bai yi karatu ba. Kawu ya ce ai oga ba karatu yake yi ba, matsa wa mutum yake yi.

Sai ya ba ni labarin ranar da na faɗi. Ya ce da na fita, Kawu ya riƙe koren biron ya kasa rubutu. Baba ya ce masa ya bar yarinyar ta wuce, 'yarsa ce, ba wanda ya gani sai su biyu. Kawu ya ce, haka aka ce mini ni ma ranar tayoyin. Sannan ya rubuta.

Na yi kuka a gindin mangwaron nan fiye da wanda na yi ranar rasuwar. Shekaru ina ɗauka taurin kai ne irin na masu koren biro. Ban san mutumin yana zaunar da laifinsa a gabansa kowace shekara ba, yana sa masa babbar riga da hannunsa.

Ranar Litinin na koma aiki. Dakta ya kira ni ofis, wannan ofishin dai, wannan teburin. Ba zan zalunce shi ba, hujjojinsa ba na banza ba ne. Ya ce duniya ta koma kwamfuta, ɗalibanmu suna zuwa neman aiki a tambaye su abin da ba mu koya musu ba. Ya ce jarrabawar ƙwararru tana da nata buƙatun, awoyi ba sa isa, iyaye suna ƙorafin ana tura 'ya'yansu kasuwa. Duk gaskiya ne. Kawu har ya rasu bai taɓa kunna kwamfuta ba, akwatin nan yake ce mata. Dakta ya ce kiran taro ɓata lokaci ne, ya riga ya ji ta bakin kowa ɗaya bayan ɗaya. Ya turo takardar ya ce, 'yata, sa hannu mu wuce wurin.

Na gaishe shi, na tambayi Hajiya da yara. Na rufe birona na mayar jaka. Na ce, "Yallaɓai, takardar ta ce an zauna, ni kuwa ban ga zaman ba. Da zarar an zauna, ni zan rubuta in kawo maka da kaina, ko me aka yanke."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya san kalmomin nan, ya sha jin su ta bango shekara da shekaru. A hankali ya ce ina sane da cewa tawa takardar ma tana kan teburin nan. Na ce ina sane. Ya ce in tafi.

Bayan sati uku aka kira taron. An yi hayaniya sosai. Aka rage zuwa kasuwa daga zango guda zuwa sati shida, aka ba kwamfuta sauran lokacin, ni ma na ɗaga hannu a kan wannan don ya dace. Jarrabawar sa hannu kuwa da ƙyar ta tsira, kuma waɗanda suka tsaya mata har da malamin nan da ya taɓa cewa ba yaran shago muke yayewa ba. Na rubuta abin da aka yanke na kai wa Dakta da kaina, kamar yadda na ce.

Takardar tabbatar da ni kuwa sai aka neme ta aka rasa. Ban ce shi ya ɓatar da ita ba, ban gani da idona ba. Sai da aka shekara cur sannan ta fito daga ƙarƙashin wasu fayiloli. Da na gaya wa Inna ta riƙe haɓa ta ce, wato Yaya yana kabari ma sai da ya sake ci miki shekara. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. A ranar na ba ta labarin tayoyin, don ita ma ba ta sani ba.

Darasin ya dawo hannuna. Da lokacin jarrabawa ya matso na rasa oga, don Baba Direba ciwon ƙafa ya hana shi, 'ya'yansa sun zo sun tafi da shi gida. Ina cikin lissafa dattawan da zan roƙa, Inna ta ce wai su ogannin nan dole sai maza ne? Na ce a'a. Ta ce to a gaya mata ranar.

Ta zo da leshinta na biki da babban mayafi, ta zauna a kujerar Kawu kamar an haife ta a kai. Ban taɓa ganin oga mai wuya irinta ba. Ba ta buga tebur, lallashi take yi, ta ce wa yaro haba ɗana, sa'ar uwarka ce fa ni. Uku suka sa hannu kafin azahar, na rubuta musu abin da ya kamata da koren biron da matar Kawu ta ba ni.

Ta ƙarshe wata yarinya ce 'yar maƙwabtanmu, wadda Inna ta yi wa wanka da hannunta tana jaririya. Da gangan na ajiye ta ga Inna. Yarinyar ta shigo ta ga wadda ke zaune, ta durƙusa har ƙasa. Inna ta kira ta da sunan gida ta turo mata takardar tayoyi huɗu, ta ce ta riga ta duba. Yarinyar ta ɗauki biro. Ta kalli takardar, ta kalli Inna, idonta ya ciko. Sannan ta rufe biron ta ce, Inna, ki yi haƙuri, babu rasit, in ya zo ni zan kawo miki har gida.

Da ta fita na juya in ce wa Inna mun gama. Na tarar ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta daɗe a haka, sannan na ji ta ce, ba da ni take ba, "Yaya, na yafe maka shekarar. Duka biyun."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa sa hannun da ya yi yana saurayi, Ya sa wanda ya zalunta ya yafe ya zama shaidarsa ranar da za a buɗe littafin kowa. Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Baba Direba lafiya, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.